Zauna-da-Kyanki a Ɗakin Rumasa'u

Wani saurayi ne a unguwar Kurna, cikin Kano, ana ce masa Jazuli. Ya karanta kimiyyar kwamfuta, ya fito da sakamakon da har malamansa suka nemi a yi musu hoto da shi, ya je bautar ƙasa ya dawo, daga nan kuma sai zama. Shekara uku yana raba takardun neman aiki kamar katin ɗaurin aure, sai dai shi nasa katin babu mai amsa gayyatar. Amma zaman bai kashe masa kai ba. Mutum ne da in ka gaishe shi da safe, kafin ka saki hannunsa ya ba ka dabara uku ta gyara ƙasar nan, ta huɗun kuma ya ce zai turo maka ta waya.

A cikin dabarun nan akwai guda ɗaya da ya zauna ya yi ta da gaske. Gem ya rubuta, irin wanda ake bugawa a talabijin, ya sa masa suna Ɗan Sahu. Kai ne direban adaidaita sahu, za ka ɗebi fasinja daga Kurna ka kai su Bata. A hanya akwai ramuka, akwai mai kurar ruwa da yake tsallaka titi ba ya waiwaye, akwai akuya, akwai fasinjar da za ta ce ka ɗan tsaya ta karɓi saƙo, ta shige wani gida ta yi minti ashirin. In ka kai mataki na bakwai sai damina ta faɗi, kwata ta cika ta batse, ka daina gane ina ne titi ina ne rami. Wata goma sha huɗu ya yi yana aikin nan a kan wata tsohuwar kwamfuta da sai an tokare murfinta da littafi take tsayawa. Duk abokin da ya gwada sai ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Allah ya sa a dace," ya tashi ya kama gabansa. Abu ɗaya ya rage wa Jazuli, ya samu kamfanin da zai karɓi Ɗan Sahu ya ɗora a na'urarsa, shi kuma ya ɗauke shi aiki.

Ana nan sai ya ci karo da wani rahoto a intanet. Wani kamfani na ƙasar waje ya fito da sabuwar na'urar gem, fara sol, da zanen ruwan zinare a gefe, da hannuwa biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. A ƙasashen da aka ƙera ta dominsu, kasuwarta ba yabo ba fallasa. Amma rahoton ya ce akwai gari guda a Afirka da ya ɗaure wa kamfanin kai. An sayar da dubu arba'in a garin cikin shekara biyu, kuma ba a taɓa mayar da ko guda ɗaya an ce ta lalace ba. Garin nan Kano ne.

Jazuli ya karanta sau uku. Ya tashi ya zaga tsakar gida, ya dawo ya sake karantawa. Dubu arba'in. Wato yana zaune a tsakiyar birnin 'yan gem bai sani ba. A ranar, ko abincin rana bai ci ba, ya rubuta wa kamfanin wasiƙa mai shafi takwas. Ya ce musu Kanawa sun rungumi na'urarsu, abin da ya rage kawai su ga kansu a ciki, su ga titinsu da raminsu da akuyarsu. Ya ce za a iya shirya gasa tsakanin unguwanni, Kurna ta kara da Gwammaja. Ya ce za a iya koyar da lissafi da ita, da dokokin tuƙi, har da noman tumatir. Rashin lalacewar kuwa, ya ce shaida ce ta cewa mutanen Kano sun iya riƙon kaya.

Abin da bai saba gani ba ya faru. Aka ba shi amsa.

Wata ce ta rubuto daga ofishin kamfanin na Legas, Madam Bisola. Ta ce ta kalli ɗan guntun Ɗan Sahu da ya turo, ya ba ta dariya. Ta ce su ma a kamfani maganar Kano ta hana su sakat, don haka za ta zo da kanta ranar Alhamis ta sama. Sharaɗinta ɗaya ne. Ba ta son kanti, ba ta son ɗakin taro. Ya kai ta gida guda, gidan mutane, inda suka sayi na'urar da kuɗinsu, a saka Ɗan Sahu a ciki, ta ga masu gidan suna bugawa. In ta ga haka, za ta taho da takardar da zai sa wa hannu.

Jazuli ya ce a ransa, gida ɗaya cikin dubu arba'in, ai wannan ba sharaɗi ba ne, kyauta ce.

Ya fara da gidan gem na bakin titinsu, don ya san nan ne za a san masu ita. Ya nuna wa mai wurin hoton a waya. Mutumin ya kalla, ya taɓe baki.

"Ba ma ajiye ta. Mata sun tsauwala mata kuɗi."

"Mata kuma?"

"Ai tasu ce."

Jazuli ya ji daɗin wannan magana ƙwarai. Ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta, a ƙara direba mace a mataki na uku. Daga nan ya nufi kasuwa, wurin Alhaji Sabitu Mai-Rediyo, wanda shi ne yake shigo da na'urar garin. Ya tarar da kwalayenta jibge har rufin kanti, ana ta lodi a bayan wata motar ɗaukar kaya tare da katifu da labule.

Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, kaset ɗin gem kamar nawa yake fita a wata?"

Alhaji Sabitu ya sauke tabaransa ya dube shi. "Kaset? Dama tana da kaset ne?"

Jazuli ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga shi kaɗai yake yi, sai ya haɗiye sauran.

"To su waye suke saye, Alhaji?"

"Iyayen amare mana. Wa zai saya? Kai ba ɗan gidan Malam Habu na Kurna ba ne? Je ka tambayi gwaggonka Yalwa, ai ita ta buɗe mana kasuwar. Duk sallah sai na aika mata turmin atamfa."

Jazuli bai karaya ba. Ya roƙi Alhaji ya buɗe guda ɗaya ya gwada gem ɗinsa a kai, ko na minti biyar ne, don shi bai taɓa riƙe na'urar da hannunsa ba.

"In na buɗe kwali ai ta zama bazawara," in ji Alhaji. "Wace uwar ce za ta kai wa 'yarta? Gaishe min da Hajiya Yalwa."

To, a nan ya kamata a yi wa Jazuli uzuri. Tuzuru ne. Duniyar da na'urar nan take rayuwa a ciki duniya ce da ba a shiga da ƙafar namiji. Shi iyakarsa da biki ɗaurin aure a ƙofar masallaci, ya ci alawa, ya shafa fatiha, ya koma kan kwamfutarsa. Abin da yake faruwa a ɗakin amarya, ranar jere da ranar ganin ɗaki, labarin wata ƙasa ne a wurinsa. Gwaggo Yalwa kuwa, ƙanwar mahaifinsa, a wannan ƙasar ita ce gwamna. Shekara ashirin da biyar tana jere. Daga Kurna har Rijiyar Lemo, amaryar da ba ita ta jera mata ɗaki ba, sai an bi bayan uwarta da magana.

Ya same ta a tsakar gida tana goge wasu kofunan tangaran ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa mata wayar.

"Au, Zauna-da-kyanki," in ji ta. "Ka samu mata ne ba mu sani ba?"

"Gwaggo, haka kuke kiranta?"

"To da yaya za a kira ta? Sunan da yake jikin kwalin ai sai a ciji harshe."

Ba tare da ta daina gugar kofin ba, ta ba shi tarihi. Shekara biyu da suka wuce aka kira ta jeren 'yar wani attajiri a Nasarawa. Yayan amarya, da yake karatu a waje, ya aiko da abin cikin kayan gudunmawa, bai yi wa kowa bayani ba. Masu jere suka juya ta, suka sake juyawa. Wata ta ce injin dumama abinci ne, wata ta ce na tace iska ne. Ita Gwaggo abin da ta gani shi ne farin ya dace da setin tangaran, zanen zinaren kuma ya dace da bakin kofuna. Sai ta ɗaga ta ta kafa a tsakiyar shogilas, ta kwantar da hannuwan nan biyu ɗaya dama ɗaya hagu, ta jera kofuna a bayanta suka yi mata baka. 'Yan ganin ɗaki suka zo suka ɗauki hoto. Kafin sati ya zagayo hoton ya shiga wayar kowace uwa mai 'ya a gabanta.

"Yanzu ko gado za a iya yi wa uwa afuwa a ce ta kawo daga baya," in ji Gwaggo, "amma ɗaki babu Zauna-da-kyanki, ai gara a ɗaga bikin."

"Kuma ba a kunnawa?"

"A kunna a yi me? Kai in an jera maka tangaran, ci kake yi a ciki?"

Jazuli ya karɓi wayarsa. Abin da ya fara zuwar masa shi ne shafi takwas ɗin nan da ya aika Legas, musamman inda ya yabi mutanen Kano da iya riƙon kaya. Amma shi ba ya daɗewa a ƙasa. Kafin Gwaggo ta ajiye kofi na gaba ya riga ya juya lissafin. Na'ura dubu arba'in, sababbi fil, suna zaune a gidajen mutane ba a taɓa danna su ba. Ai wannan ya ma fi. Kasuwa ce a kwance tana jiran mai tashinta. Mutum ɗaya ake nema ya kunna guda ɗaya a gaban mata, su ga abin da suka rufe a gilas, shi ke nan gari ya kama. Kuma ga Rumasa'u, autar Gwaggo, wata biyu da tarewa a Rijiyar Lemo.

Sai dai ya san gwaggonsa. In ya ce mata kunnawa zai yi, ko ƙofar gidan ba zai gani ba. Amma ya san wani abu kuma, duk zafinta ba ta iya hana abu a gaban baƙo. Don haka ya gyara zama.

"Gwaggo, wata baƙuwa ce za ta zo daga Legas, daga kamfanin da suke yin ta. Sun ji labarin yadda take tafiya a Kano, tana so ta ga ɗaki ɗaya da idonta. Na ce ɗakin Rumasa'u ya fi."

Gwaggo ta dakata da gugar kofi a karo na farko. "Har Legas labarin jerena ya kai?"

"Har ƙasar waje, Gwaggo."

"To. Ta zo bayan azahar, lokacin haske yana faɗowa a kan gilas ɗin. Ta cire takalmi. Kai kuma ka nemi izinin mijinta, kada ka ce don kai ɗan uwa ne ka faɗa wa mutane gida."

Mijin Rumasa'u, Nafi'u, mai sayar da yadi ne a kasuwar Kwari, bai ba shi wahala ba. Da Jazuli ya rage murya ya faɗa masa ainihin shirin, har ya kama hannunsa.

"Allah ya ba ka sa'a. Ni ma kallonta nake yi ta gilas. Na taɓa cewa a ɗan kunna mu gani, ta ce in na matsu in sayi tawa."

Jazuli bai bar komai ga sa'a ba. Ya aro ƙaramin janareta don kada a ɗauke wuta a tsakiyar mataki na biyu. Ya sayo wayar da za ta haɗa na'urar da talabijin. Ya karanta littafin bayaninta a intanet har ya haddace, ya san nauyinta kilo huɗu da ɗoriya, ya san zafin da fankarta take iya ɗauka. Ya zuba Ɗan Sahu a filashin kwamfuta biyu, ɗaya a aljihun riga ɗaya a na wando.

Ranar Alhamis ya tarbo Madam Bisola. Mace ce mai ƙiba kaɗan, da ɗan kwali, da jaka mai kama da ta likita, ba ta da yawan magana. A cikin mota Jazuli ya yi ta zuba da Turanci, ita kuma tana gyaɗa kai tana kallon titi. Da suka wuce wani rami sai da ya nuna mata ya ce wannan yana cikin gem ɗin.

Ɗakin Rumasa'u kuwa an yi masa shiri. Labule ruwan madara, kujeru da ledarsu, ƙamshi tun daga zaure. Gwaggo ta sha ado ta hakimce a kujerar tsakiya, amarya tana gefenta kai a sunkuye, maƙwabta mata huɗu sun jeru a bakin gado, wai wucewa suke yi suka leƙo. A jikin bango shogilas ne mai hawa huɗu, an goge shi har ana ganin fuska. Can a hawa na uku, ga ta nan, fara sol, an ɗora mata wani ɗan saƙaƙƙen ƙyalle a ka, hannuwanta biyu a kwance dama da hagu, kofuna sun yi mata baka.

Jazuli ya zuba mata ido. Wannan ne karo na farko da ya gan ta ido da ido.

Madam Bisola ta cire takalmi, ta gaisa da hannu, ta tsaya a gaban gilas ɗin ta daɗe tana kallo. Ta ciro waya ta ɗauki hoto. Gwaggo ta kalli maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, don kowa ta shaida.

Sai Jazuli ya gyara murya. "Gwaggo, baƙuwa tana so a fito da ita. A ɗan ba ni mukulli."

Ya shirya wa harara, ya shirya wa tsaki, har ya tanadi amsa. Amma Gwaggo ko gezau. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mukullin.

"Ka riƙe ta ta ƙasa. Kada ka bar mata shatin yatsa."

Ya fita ya tayar da janareta, ya dawo ya buɗe gilas. Ya gyara tsayuwa kamar mai ɗaukar buhu, ya tattara ƙarfin kilo huɗu da ɗoriya a hannuwansa, ya ɗaga. Na'urar ta taho sama da gudu, saura kaɗan ta daki haɓarsa. Ba ta kai nauyin ƙwarya ba.

Ya ce a ransa wataƙila murna ce ta ƙara masa ƙarfi. Ya durƙusa a gaban talabijin, ya ɗauko wayar da ya sayo, ya lalubi ramin da ke bayanta ya zura. Wayar ta shige. Ya ƙara turawa, ta ƙara shigewa. Sai da ya tura kusan kamu guda bai ji ta taɓa komai ba. Ya zaro, ya ɗan girgiza na'urar kusa da kunnensa. Wani abu ya yi ƙara a ciki, ƙas-ƙas, sai ga ƙamshin turaren wuta ya buso masa a fuska ta ƙofofin iskar.

"Yaya Jazuli, a hankali," in ji Rumasa'u, karon farko da ta buɗe baki. "'Yan kunnena suna ciki."

"Gwaggo," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Me ya same ta?"

"Me ya same ta kamar yaya? Lafiyarta ƙalau. An yashe ta ne."

"An yi me?"

"An cire kayan cikin. Kai ba ka ga gilas ba ne abin da take zaune a kai? Shekarar farko hawa uku ta fasa mana. Akwai wadda ta rufto a Gwammaja ranar ganin ɗaki, ta tafi da tangaran ɗin hawa biyu, uwar amarya sai da aka yi mata fifita. Tun daga nan, daga kantin Alhaji Sabitu sai wurin Malam Ɗan'azumi mai gyaran rediyo. Ya kwance ta, ya kwashe tarkacen, ya mayar da murfi, ko alama ba za ka gani ba. Hannunsa yana da kyau, Allah ya yi masa albarka."

"Duka? Duka dubu arba'in ɗin?"

"Ni ban ƙirga ba. Amma duk mai jeren da ta san aikinta ba za ta ɗora ta da cikinta ba."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta sa baki. "Kuma ta fi amfani haka. Ki sa turare a ɗan gwangwani ki tura ciki, ƙamshin ya riƙa fita ta 'yan tagogin nan a hankali, ya kwana uku."

"Kayan cikin fa?" in ji Jazuli. "Ina ake kai su?"

"'Yan gwangwan suke kwasa, buhu-buhu. Sai dai fankar, ita masu gasa masara suna rububinta, wai ta fi mafici hura gawayi."

Janareta yana ta ruri a waje. Talabijin ta kawo shuɗin allo tana jira. Madam Bisola ta tambaye shi da Turanci me ake ciki. Jazuli ya miƙe, ya share gumi, ya ce mata wata 'yar matsala ce, an kai wasu sassan na'urar wurin mai gyara a duba su, yanzu zai nemo wani gidan.

Madam Bisola ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Na ji komai," in ji ta, da Hausa tas. "A Malumfashi na yi bautar ƙasa, kuma na ƙara shekara biyu ina koyarwa."

Ɗakin ya ɗauki sowa. Gwaggo ta ce, "Ashe 'yar gida ce, kika bar mu muna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Matso nan kusa da ni."

Jazuli ya tsaya yana jiran ta fusata. Kamfaninsu ne ya kashe shekaru yana ƙera abin da aka sayar wa masu gasa masara. Amma Madam ta karɓi na'urar daga hannunsa, ta auna ta a tafin hannu, ta juya ta, ta leƙa ramin bayan. Sannan ta zauna kusa da Gwaggo ta ciro biro.

"Hajiya, da za a kawo muku ita haka tun daga can, babu komai a ciki, za ku saya?"

"Ai da kun hutar da mu. Layi ake yi a wurin Malam Ɗan'azumi, in lokacin biki ne sai ki yi sati kina jira."

"Ba za ku ce a rage kuɗi ba?"

"A rage? Ki rufa mana asiri. In ta yi araha kowa ya saya, me ya rage mata?"

Madam ta rubuta wannan, ta ja masa layi biyu.

Daga nan Gwaggo ta buɗe wuta. Ta ce fari kaɗai ya yi kaɗan, akwai masu labule ruwan hoda, akwai masu ruwan goro, kowacce tana so ta dace da ɗakinta. Ta ce a yi mata 'yar ƙofa a baya mai mukulli, don amarya ta daina kwance ƙusa in za ta sa 'yan kunne. Ta ce a yi su saiti kamar kuloli, babba da matsakaiciya da ƙarama, don hawa uku su cika. Hannuwan kuma a ƙara su zama huɗu, biyu ba sa cika ido. Maƙwabta suna ƙarawa, Rumasa'u ma ta ɗago kai ta ce zanen zinaren ya yi siriri. Biron Madam bai tsaya ba. Shafin farko ya cika, ta juya na biyu. Ta fita zaure ta yi waya da Legas kamar minti goma, ta dawo fuskarta a sake. Ta buɗe jakar nan ta fito da takardar da ta taho da ita, ta soke wani suna da ke sama, ta tambayi Gwaggo cikakken sunanta. Kamfani yana neman mai ba shi shawara a Kano, in ji ta, da albashi duk wata, da zuwa Legas sau biyu a shekara.

Jazuli ya gane sunan da aka soke tun daga inda yake tsaye. Ya sa hannu a aljihu ya ciro filashi.

"Madam, Ɗan Sahu fa?"

"Yana da kyau sosai," in ji ta, kuma da gaske take faɗa. "Akuyar nan ta ba ni dariya. Amma a cikin me za mu saka shi?"

Nan fa abin da ya tara ya ƙwace masa. Ya juya wurin gwaggonsa, ya manta da baƙuwa, ya manta da maƙwabta.

"Gwaggo, kin san abin da kuka zubar kuwa? Abin nan yana lissafi sau biliyoyi kafin ki ƙifta ido. Yana iya zana garin nan kaf, da titinsa da mutanensa, ki shiga ciki ki yi yawo. Yana iya koya wa yaro karatu, yana iya haɗa Kurna da wata nahiya. Mutane sun yi shekaru ba sa barci don su ƙera shi. Duk darajarta a ciki take, murfin nan roba ce kawai. Ƙwaƙwalwarta fa kuka cire, Gwaggo. Ƙwaƙwalwarta."

Gwaggo Yalwa ta gama dangwala babban yatsanta a takardar, ta goge tawadar a bakin zane, ta karɓi na'urar ta mayar da ita hawa na uku, ta gyara mata ƙyallenta. Sannan ta juyo ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ai shi ya sa ta samu wurin zama, ɗan nan. Kai da ka bar taka a ciki, wa ya ɗauke ka?"